Akwatin Ƙarshe a Jerin Kawu

Kawuna ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a firamare tsakanin Roni da Gwiwa, kuma da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi. Da ƙungiyar 'yan garinmu ta buɗe shafin intanet don waɗanda suka yi nisa su riƙa jin labarin gida, shi aka ba wa aikin sanarwa, tunda babu gidan da bai san tushensa ba. Ni kuwa ina koyar da kwamfuta a Kazaure, sai aka ɗora mini kula da shafin, ba tare da kowa ya tambaye ni ko ina so ba.

Kowace sanarwa sai an zaɓa mata rukuni. A gefen allon akwai jerin ƙananan akwatuna, mutum ya danna wanda ya dace. Kawu ne ya tsara jerin yadda rayuwa take tafiya: haihuwa, suna, saukar karatu, aure, tafiya, jinya, rasuwa. Na so in jera su bisa haruffa, aure a sama, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, a garinku ana yi wa mutum aure kafin a haife shi?"

Na bar jerin yadda ya tsara shi.

Ina kewar ranakun Asabar ɗin nan. In hau acaɓa zuwa Roni, in same shi a zaure da tsohuwar kwamfutarsa a kan buhun gyaɗa, yana buga rubutu da yatsa ɗaya. Ganinsa ya riga ya ragu, amma bai gaya wa kowa ba. Ƙananan rubutun akwatunan sun fi ƙarfinsa, don haka ƙirga su yake yi daga sama: na ɗaya haihuwa, na bakwai rasuwa.

Abin da ban lura da shi ba shi ne manhajar tana da nata shisshigin. Duk akwatin da aka danna, idan aka sake buɗe sanarwar, sai ta ɗauko shi ta kai sama, wai sauƙi take yi wa mutum. Kawu kuma ya saba kwafo tsohuwar sanarwa ya canja bayanin. Wata rana ya kwafo ta rasuwa, ya rubuta haihuwar da aka yi a gidan wani tela, ya ga maki a akwatin farko, ya tura. A wayoyin mutane kuwa rukuni da sunan mai gida kawai ke fara fitowa. Kafin la'asar mata sun cika mota daga Gwiwa, suka shiga gidan mai jego da kuka.

An yi dariya daga baya, ban da Kawu. Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce a lallaɓa tsohon ya huta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san aikin nan ne ke fito da shi zaure kowace safiya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda," na ce masa. "Laifin na'ura ne, ba nasa ba."

Kwana uku ina bincike kafin na gano layin umarni ɗaya tak da zai hana akwatunan motsi, na saka shi a manhajar. Ran Asabar na sa Kawu ya danna na bakwai, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ɗora yatsa a allon, ya ƙirga a hankali har ƙasa, ya tarar da makinsa inda ya bar shi.

"Yauwa, ta koyi ladabi," in ji shi. Can kuma, bai kalle ni ba, ya ce, "Kin san ba na gani, ko?"

"Na sani, Kawu."

"To, Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini."

Bai sake kuskure ba har ya kwanta jinya bara da damina. Sanarwarsa ni na rubuta, a zaurensa, da kwamfutarsa. Idona ya cika da hawaye har na kasa karanta komai a allon, sai na ɗora yatsa na ƙirga daga sama zuwa na bakwai, na danna.