Kalmomin Cikin Gora

A ƙauyenmu, yamma da Hasahisa, doka ce in an gama tsinkar auduga a tuge karan a ƙone shi ƙurmus a hawasha, wato gonar da gwamnati ta ba kowane magidanci. Kakata ba ta taɓa bin wannan doka ba. Takan ɓoye damin kara a bayan rumbu, da an idar da magariba ta hura wuta da shi, mu jikoki mu kewaye ta. In Baba ya ce mufattishi, Baturen da ke duba gonaki, zai kama mu, sai ta ce wanda ya tako daga Sakkwato zuwa Nilu da ƙafarsa ba ya tsoron mai jan kunne.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na makarantar 'yan mata a Rufa'a, Ingilishi ya tsaya mini a wuya. Baba ya riga ya yanke magana: in na faɗi jarrabawa, in dawo gona, karatu ya ƙare. Ni kuwa haddace kalmomi nake yi kamar karatun allo, na san ma'anar kowace, amma ban taɓa furta ko ɗaya a aji ba. Ran da na gwada, ustazarmu ta ce mu 'yan Takari harshenmu nauyi gare shi, mu fara gyara Larabci tukuna. Ajin ya fashe da dariya. Na dawo hutu da niyyar ba zan koma ba, raina a ɓace, na kuma faɗa wa Kaka haka a bakin wuta.

Ba ta lallashe ni ba, don ba ta iya lallashi ba. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce ta zauna mu ji ta.

Wai wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, suka kama hanyar Makka a ƙasa, har suka faɗa wani gari da ba su jin maganar mutanensa. Wata tsohuwa mai sayar da gishiri ta ji tausayinsu, kullum sai ta ba kowaccensu kalma guda. Yayar mai gudun abin kunya ce. Duk kalmar da ta samu sai ta jefa a gora ta toshe, tana cewa sai goran ya cika za ta yi magana, kowa ya sha mamaki. Ƙanwar kuwa tana karɓa take shiga kasuwa da ita. Takan nemi nono a ba ta igiya, ta gai da mai gari da gaisuwar da ake yi wa yara, gari duka ya mai da ita abin dariya. Ita ma ta taya su, ta tambayi inda ta karkace, gobe ta sake fitowa.

Da lokacin tafiya ya yi suka isa bakin kogi. Mai jirgi ya ce ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya gaya masa inda za shi. Ƙanwar ta yi masa bayani da gurguwar maganarta, har ta tsokane shi a kan tsufan jirginsa, ya yi dariya ya ce ta shiga. Yayar ta buɗe gora. Kalmomin suka fito fir kamar ƙwarin hatsi, babu wadda ta san ta, babu wadda ta yarda ta sauka a bakinta. Tana tsaye a gaɓa jirgi ya tashi.

Ƙanena ya tambaya ko ta haye daga baya. Kaka ta ce tana can har yau. Sannan ta juyo kaina.

"Ke Hajo, kalima baƙuwa ta. In ba ki aike ta ba, ba ta zama 'yar gida. Ni da munka iso Wadai, mi na sani na Larabci? Dariya sunka yi min har sunka gaji, ni ban gaji ba. Kalas, ki koma madrasa. Ustazar ga ba ita ta haihi Ingilishi ba, ita ma aro ta yi."

Tun daga washegari na fara aiken kalmomina. Jakinmu ne ya fara shan Ingilishi a hanyar ɗebo ruwa, sai mai gadin ƙofar tur'a, magudanar ruwan gonaki, wanda ya ɗauka zaginsa nake yi. Da yamma Kaka takan sa in kawo sabuwar kalma, in faɗi ma'anarta, in nuna wanda ta dace da shi a ƙauyen. Kalmar mai yawan surutu ta faɗa kan maƙwabciyarmu, ta mai rowa kan kawunmu. In na ce kalmomi biyu ma'anarsu ɗaya ce, sai ta ce ƙarya ne, ko tagwaye ba halinsu ɗaya ba, in koma in bincika. Na koma makaranta ina ɗaga hannu ko an kira ni ko ba a kira ni ba. An yi dariya, an gaji. Na ci jarrabawar, Baba bai sake ambatar gona ba.

Na daɗe ina zaton dabarar koyon harshe kawai Kaka ta ba ni. Sai da na zama malama a Sinnar na gane abin da ta hango. Mu da aka haifa a ƙasar da ake kiranmu baƙi, in muka jira sai an ce bakinmu ya gyaru, za mu tsufa ba mu ce uffan ba. Shi ya sa duk shekara nake neman yarinyar ƙauyen da ta laɓe a bencin baya, in tashe ta tsaye. Takan yi kuskure, ajin ya yi dariya. Nakan bar su su gama, sannan in ce mata, "Sake faɗa, da ƙarfi."