Muryar Inna a Cikin Kwamfuta

Kwamfutata tana da tsari biyu. Idan na kunna ta sai ta tambaye ni wanne zan shiga, tsohon da nake aikin ofis da shi, ko sabon da wani mai gyara a kasuwar Suk al-Arabi ya saka mini. Ya bugi ƙirji ya ce, "Hajiya, wannan tsarin, bairos ba ya kama shi, ba ruwansa da manhajar kariya, halas, shi ke nan." Ni kuwa da shegen saurin yarda, na amince.

Kafin Inna ta rasu na yi shekara biyu ina zama bakin gadonta a Omdurman ina ɗaukar hirarta, yadda kakanta ya baro Kano a ƙafa zai je Makka, ya ƙare a nan yana ɗinkin hula. Hausarta ba gauraye, kuma a gidanmu ita ce ta ƙarshe mai irin wannan bakin. Na tara muryoyin a jaka guda, a wurin da tsarin biyu ke iya gani, amma ta sabon kaɗai nake buɗe ta. Filashin kowa ma ta nan nake karɓa, ina juye hotunan Inna cikin jakar ba dubawa.

Ranar sadakar arba'in Yaya ya ce in kwafe masa muryoyin. Na kwafe jakar duka na kai masa unguwar Alsahafa. Bayan kwana biyu ya kira.

"Ke, me kika ba ni? Komai nawa ya kulle."

Har dariya na yi masa, na ce injinsa ne ya tsufa. Don in ƙaryata shi na shiga tsohon tsarin na buɗe jakar. Manhajar kariya ta yi gargaɗi, na rufe gargaɗin cikin haushi, na danna wani hoto. Ashe bairos ɗin a nan yake kwance, sabon tsarin bai taɓa tashinsa ba. Ina kallo muryoyin suka kulle ɗaya bayan ɗaya. Wayyo, da hannuna!

Mai gyara ya yi kwana uku a kai, ya mayar mini da kwamfutar yana kauda ido. Sunayen muryoyin suna nan har yau, in na danna sai shiru. Ba na goge su, ba na kuma son ganinsu.

Kwanan baya 'yata ta tambaye ni da Larabci yadda kakarta ke kiran sunana. Na buɗe baki zan kwaikwaya, sai na tarar na manta inda take jan muryar.