Goggo Mai Rarrafe da Gidan Renonta

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da Goggo Mai Rarrafe, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa mai shara ce a asibitin garin. Ta yi karatun firamare daga 1958 zuwa 1965, amma makarantar da ta fi amfana da ita ƙarƙashin teburin mahaifinta ce, domin duk lokacin da wani ɗan ƙarfen agogo ya faɗi ƙasa, ita ake turawa ta shiga da gwiwoyi ta nemo shi, kuma ba a taɓa jin ta fito hannu rabbana ba.

Aure da Aiki

A shekarar 1972 ta auri wani direban bas, mutum mai barkwanci da ba ya iya ganin abu ya yi shiru, ta kuma kama aiki a masana'antar ɗinki. Allah ya ba su ɗa namiji a 1974. Kullum kafin ta tafi aiki takan ajiye shi wurin wata maƙwabciya mai kirki, wadda ke tara yara goma sha ɗaya a ɗaki guda ba tare da izinin kowace hukuma ba. A watan Maris na 1976 yaron ya tsinci maɓalli a ƙarƙashin kujera ya haɗiye, ya maƙale masa a wuya, sai da likitoci suka yi masa aiki kafin aka ceto shi. Ya rayu, amma muryarsa ta dishe har abada, kuma tun daga lokacin Maɓalli ya zama sunansa. Maƙwabciyar ta rantse cewa ta share ɗakin a safiyar ranar, kuma gaskiya ta faɗa, a tsaye ta share shi.

Kafa Gidan Reno

Bayan ta haifi 'yarta ta farko a 1977, ta ajiye aikin masana'anta, ta nufi ofishin da ke ba da lasisin reno. A nan aka fayyace mata cewa renon da doka ta sani hawa-hawa ne: akwai na cikin gidan mai renon, wanda bai wuce yara shida ba, akwai na yara goma sha biyu, wanda sai da mataimakiya, sannan akwai cibiya mai gininta da ma'aikatanta. Ta yi kwas na taimakon gaggawa, aka duba lafiyarta, ta sayi abin kashe gobara, mijin ya kafa mata ɗan ƙyaure a ƙofar kicin, ta karɓi lasisin yara shida a watan Janairun 1978.

Sharaɗi guda ta ƙara wa kanta wanda babu shi a takardar hukuma. Kowace safiya, kafin a kawo yaro na farko, takan durƙusa ta zagaye ɗakunan da rarrafe, tana leƙa ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, domin ta ga abin da mai rarrafe zai gani. Mijin yakan gaya wa baƙi cewa hukuma ta ba su izinin yara shida amma bakwai suke reno, ta bakwai ɗin ce ma ba ta fara tafiya ba. Daga bakinsa laƙabin ya fita, unguwa ta ɗauka. Ta haifi Auta a 1981, ta kuma sami lasisin yara goma sha biyu a 1985.

Buɗe Cibiya

A shekarar 1994 ta kama wani gini mai ɗakuna huɗu da tsakar gida domin buɗe cibiyar yara arba'in. Jami'in duba ya auna ɗakunan, ya ƙirga banɗakuna da ƙofofin fita, ya sa hannu ranar Alhamis, aka sanar da iyaye cewa za a buɗe ranar Litinin. Ranar Asabar Goggo ta yi zagayenta, ta ji simintin wani lungun tsakar gida yana amsa kuwwa a ƙarƙashin gwiwarta, nan take ta ce ba za a buɗe ba. Iyaye mata da suka riga suka yi alkawarin komawa aiki suka fusata, tara daga cikinsu suka kai 'ya'yansu wani wuri. Magini ya zo yana mita, ya doka guduma sau ɗaya, simintin ya rufta cikin wani tsohon ramin bahaya da aka rufe da ɓawon siminti. An buɗe cibiyar bayan mako biyar, kuma jami'in duban, da ya dawo, ya durƙusa a bayanta da wandonsa mai guga ya bi ɗaki-ɗaki.

Shekarun Tsufa

Duk wannan bai burge Auta ba. Ta sha tsokana a makaranta da sunan 'yar Mai Rarrafe, kuma tana jin kunyar abin ƙwarai. Ta yi difloma a fannin renon yara a 2004, ta dawo cibiyar da takardar bincike mai sharuɗɗa arba'in, tana cewa wannan ya wadatar. A 2013 likita ya hana Goggo durƙusawa saboda ciwon gwiwa, a 2015 kuma, shekara guda bayan rasuwar mijinta, ta mayar da lasisin ga Auta. Ba ta gindaya mata sharaɗi ba, amma damuwar ta zauna mata a rai, domin a saninta yara arba'in suna wasa a ƙasan da ba wanda ya duba. Takan zauna a kujera bakin ƙofa tana ƙura wa ƙarƙashin gadaje ido daga nesa, tana tsaki a hankali.

Rasuwa

An kwantar da ita a asibiti a farkon Fabrairun 2019. Kwana biyu kafin cikawarta ta riƙe hannun Auta ta ce, "Gaya mini gaskiya, wa ke duba mini ƙasa?" Sai Auta ta ɗan janye zaninta ta nuna mata gwiwoyinta, sun yi baƙi, sun yi kanta. Ashe tun 2016, ranar da ta tsinci ƙwayar magani a bayan ƙafar wani gado bayan ta cike sharuɗɗanta arba'in, take riga kowa zuwa ta kulle ƙofa ta yi zagayen, kunya ce ta hana ta faɗa. Goggo ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Ja'ira, shekara uku kin bar ni ina tsaki a banza."

Ta rasu da hantsin ranar Asabar, 9 ga Fabrairu, 2019, tana da shekara sittin da takwas, aka yi jana'izarta bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar da mijinta yake. Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki makararta a hannunta suka koyi tafiya. Allah ya jiƙanta. Ta bar jikoki tara da 'ya'ya uku: Maɓalli, malamin lissafi, wanda har yau sai ajinsa ya yi tsit kafin a ji shi; Yaya Babba, 'yarta ta farko, ma'aikaciyar jinya; da Auta, shugabar cibiyar, wadda unguwa ke kira Mai Rarrafe Ƙarama, kuma tana amsawa.