Labarin Baba ya yi kaɗan

Ni tela ce a Sabon Gari, nan Maraɗi. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, kuma Faransanci aka koya mana, rubutun Hausa a waya na tsince shi. Shekarar da Baba ya rasu nake ɗan dakatar da keken ɗinki ina danna waya, har na haɗa labari a kansa. Gajere ne, ana gama karanta shi kafin shayi ya huce.

Baba manomin lambu ne a Jiratawa. Duk shekara, tattasan da ya fara tsinka ba ya sayar da ko ɗaya, mu ma a gida ba ma taɓawa, sai ya ɗaure shi a keke ya ratsa Maraɗi ya kai wa yayarsa a Tibiri. Ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, sai ta ɗanɗana sannan kasuwa ta gani. Labarina tafiya ɗaya ce cikin waɗannan, ina ƙarama a bayan keke, buhu yana gogar ƙafata, yajin tattasai yana sa ni atishawa, shi kuma yana dariya bai ko juyo ba. Iyakarsa ke nan.

Na je Tibiri na karanta wa Gwaggo, yayar tasa, lokacin idonta ya riga ya tafi. Hawaye na bin kumatunta ta ce, "Wallahi shi na. Ƙanena na. Maimaita min, ɗiyata." Na maimaita. Ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba.

Daɗin ne ya ɗebe ni na saka labarin a wani gurup na mata marubuta a waya. A can ka'idar ita ce kullum ki saki shafi, labari ɗaya ya yi watanni ana binsa. Ba wadda ta zage ni, da ma zagin aka yi da na rama, don bakina ba ya ciwo. Wata ta rubuta, "Har ya ƙare?" Wata babba a cikinmu ta ce, "Ƴar'uwa, kin iya shimfiɗa, amma ina labarin? Ba rikici, ba soyayya, mutum a kan keke kawai?"

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na shiga duba labaran mutane ina auna nawa, sai na ga kamar na je biki da zanen aikin gida. Na ce wa kaina kukan Gwaggo ba shaida ba ne, ƙanenta ne, ko lissafin buhunan tattasai na karanta mata za ta yi kuka.

Sai na hau ƙari, kuma a kan ainihin rubutun nake yi, ina gogewa ina sakewa, don kunyarsa nake ji, ba na son ya rage ko'ina. Na gurup ma na share shi. Na ba Baba abokin gaba. Na mayar da keken babur, na ga bai isa ba na mayar da shi mota. Lambun ya zama sito, tattasai ya zama manyan motoci masu zuwa bakin iyaka, Baba ya zama Alhaji mai shadda. Masu karatu suka ƙaru, amma hankalina bai kwanta ba. In na saki dogo sai in ce na cika surutu, in na saki gajere a ce ya yi kaɗan. Har hannun rigar wata na ɗinka a baibai ina tunanin wa zan kashe a shafin gobe.

Ana cikin haka ɗiyar Gwaggo ta kira ni, ta ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, ta daina cin abinci, kuma tana ta cewa in zo mata da maganar ƙanenta. Na rufe shago na hau mota.

Na same ta kwance a tabarma bayan la'asar, ta zama ƴar mitsitsiya. Na buɗe waya na fara daga farko, inda Alhaji yake fitowa daga mota yara na zubewa gaisuwa. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Wane na wanga?"

"Baba ne, Gwaggo. Na ƙara masa tsawo."

"A'a. Ba wanga ba. Na keken nika so."

Na shiga laluben waya, alhali na san babu. Na ajiye ta na ce bari in faɗa da ka. Na fara da Jiratawa, na ɗaura buhu, muka hau hanya, sai na ji bakina yana sa masa shadda. Na gyara. Na zo Maraɗi na rasa ko mun tsaya shan ruwa da gaske ko ni na ƙara daga baya. Watannin da na yi ina yi masa ƙarya sun haɗe da abin da na gani da idona, na kasa rabewa.

"Ina atishawar?" ta ce. "Kin tsallake atishawar."

Na koma baya na saka ta, amma ba a wurinta ba, ni ma na ji. Ta ɗan saurara, sannan ta lalubo gwiwata ta dafa. "Bari, ɗiyata, kin gaji." Ta juya fuskarta bango. A makon nan aka yi jana'izarta.

Na bar gurup ɗin, labarin Alhaji yana can ba ƙarshe, har yau wasu na aiko mini da saƙo wai in ci gaba. Na keken kuwa na sake rubuta shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Yana fitowa gajere, da buhun da atishawar da dariyar. In na gama sai in karanta shi a bayyane a cikin shago, in tsaya ina saurare. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya ce mini shi na, ita kuma tana maƙabartar Tibiri.