Ranar da Aka Ƙona Kabar Bahago

Haƙorana sun zube, gashina ya bi su, yanzu ko jikokina sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in dace da wanda nake nema. Amma akwai wata Talata da Larabar da ta biyo bayanta waɗanda ba zan manta da su ba har a saka ni a rami, kuma ina jin ko can ɗin za su bi ni.

A lokacin ina aikin shara da ban ruwan fulawa a babbar makarantar nan da ke bayan garin Yelwa, wadda mu mutanen gari muke kira jami'a. Ni dai aji biyu na yi a firamare, na ga bulalar malam ta fi karatun yawa, na koma gulbi wajen babana muka ci gaba da jan taru. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai na samu tsintsiya a jami'a. Ɗalibai suka laƙa mini Farfesa, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, don babu ajin da ban shiga ba a makarantar nan, sai dai kullum bayan an tashi.

Ɗaliban Katolika suna da ɗakin ibada, wani tsohon aji ne aka ba su a bayan ɗakunan kwanan maza. Limamin cocin, wanda muke kira Fada, yakan zo daga cikin gari a kan babur ya yi musu Mas, wato babbar ibadar Katolika. Da yake ni ma Katolika ne, sai wurin ya zama nawa: ni ke sharewa, ni ke buga ƙarfen kiran ibada, ni ke rigima da awaki. Ba zan ce ni mai yawan tsarki ba ne. In lokacin azuminmu ya zo, Fada ya ce ranar Juma'a ba a cin nama sai kifi, nakan ce masa, "Fada, a ce wa mutumin Yauri ya ci kifi, wannan ai ba azumi ba ne, gata ne."

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata in bayyana, don a kanta komai ya rataya. Mako guda kafin Ista, wato sallarmu ta ƙarshen azumi, muna yin Lahadin Dabino. Mu nan ba dabino muke ɗauka ba, kaba ce nake yankowa a bakin fadama, Fada ya sa mata albarka, kowa ya ɗauki tasa a zaga makaranta ana waƙa. Bayan nan ba a yar da ita. Kowa ya kai ɗakinsa ya soke a bango, ta bushe a can shekara guda. In azumi na gaba ya zo, ranar Talata sai a tattaro busasshiyar kabar nan gaba ɗaya a ƙona, tokar kuma ita ake shafa wa mutane a goshi washegari, ranar Larabar Toka. Ni ne mai buhu, ni ne mai ashana.

Cikin ɗaliban akwai wani yaro mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, ɗan wani ƙauye ne na bakin ruwa ta wajen Ngaski. Bahago ne, kuma bakinsa ya fi nawa kaifi, wanda ba ƙaramin abu ba ne. In ya gan ni da tsintsiya sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe Farfesa, yau wace lacca za a ba ƙura?" Ni kuma in ce masa wanda ke cin tuwo da hannun da ba na cin tuwo ba bai isa ya yi mini ba'a ba. Ranar Lahadin Dabino, sauran yara sukan ƙulla kabarsu ƙullin gicciye na gaggawa, shi kuwa sai ya zauna a gindin darbejiya ya tsaga tasa siri-siri ya saƙa ta a hankali kamar mai yin faifai.

Da aka tafi hutun Kirsimeti bai dawo ba. Ranar kasuwa ya shiga jirgin katako mai inji zai taho Yelwa, jirgin ya cika da mutane da buhunan hatsi da babura. A tsakiyar ruwa suka hau kan kututturen itace, irin waɗanda ruwan dam ya shanye tun muna yara, jirgin ya tsage. Na bi masunta muka yi kwanaki muna nema. Abin da na gani a bakin gulbin nan ba na so in rubuta shi. An tsamo mutane da yawa an jera su a kan yashi, dangi suna bi suna ɗaga zane. Yaron nan dai ruwa bai mayar da shi ba.

Fada ya so a yi masa Mas na mamaci, ya aika gida a sanar. Uwar yaron ba Kirista ba ce, addinin iyayenta take bi, amma ba ta taɓa hana ɗanta zuwa coci ba. Amsar da ta aiko ita ce ba a yi wa mai rai makoki. Ta ce wanda ba a binne ba bai mutu ba, kada kowa ya yi wa ɗanta mugun baki. A gida ma ta hana zaman makoki. Kullum da safe sai ta tafi inda jirage ke tsayawa ta zauna, ta duba fuskar duk wanda ya sauko, har rana ta faɗi. Abinci kuwa ta daina ci, sai ɗan kunu in an matsa mata. Tana nema ta bi shi da ƙafafunta, kowa yana gani, an rasa mai iya tsayar da ita.

Haka aka yi ta tafiya har Talatar ƙona kaba ta zo. Tun da hantsi na zaga ɗakunan kwana da buhuna ina kira, "Kaba, kaba! Wanda ya ɓoye tasa gobe da gawayin mai tsire za a shafa masa!" Yara suka yi ta fitowa suna zubawa. Abokin ɗakin yaron nan shi ma ya zuba nasa kason. Buhu ya cika, na danna da ƙafa, na kai bayan ɗakin ibada na ajiye kusa da tsohon kaskon da nake ƙonawa a ciki, ina jiran Fada ya iso da la'asar.

Rana ta take tsaka sai ga mata biyu sun shigo, babba da ƙarama. Babbar ita ce uwar yaron, ƙaramar kuwa yayarsa ce. Ita ta lallaɓo uwar da dabarar a zo a kwashe kayansa kada su lalace kafin ya dawo. Uwar kuwa duk ta rame. Wuyanta kamar sillen kara, zane yana neman zamewa daga ƙugunta, idanu sun faɗa ciki. Na raka su ɗakin. Aka fito da akwati, da takalma, da littattafai, ba ta ko kalle su ba. Bango take kallo, inda wani ƙusa yake tsaye shi kaɗai.

Ta ce, "Ina abin da ke nan? Ya gaya mini ya saƙa abin cocinsu ya rataye bisa kan gadonshi. Ya ce in ya dawo zai kawo mini in ga ko hannunshi ya gyaru."

Abokin ɗakin ya dube ni, na dube shi. Shi abokin ɗakin bai yi don mugunta ba. Shi dai ya san ba a barin kaba mai albarka ta wuce Talatar nan, sai ya cire tasa ya cire ta abokinsa ya zuba a buhu, yana ganin ya sauke masa nauyi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, tana cikin na ƙonawa."

"An ƙona?"

Na ce, "Ba a ƙona ba tukuna, Inna. Amma ta shiga cikin 'yan uwanta, kuma duk kamarsu ɗaya."

Ta ce, "Kai ni."

Na zazzage buhun a kan tabarma a inuwa. Tuli guda, busasshiya, wata ta kakkarye saboda dannawar da na yi da ƙafa, abin da ya sa na ji kamar in yanke ƙafar. Ta zauna ta miƙe ƙafafu ta fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta juya, ta ajiye gefe. Ɗalibai suka taru za su taya ta, ta ɗaga hannu ta hana. Ni kuwa na samu wuri kusa da ita na zauna. Ba ka jin komai sai ƙarar busasshiyar kaba. Zafin nan na gabanin damina yana dukan mutane, amma ba wanda ya koma ɗaki.

Fada ya iso ya tarar da mu haka. Na raɗa masa abin da ake ciki. Ya kashe babur, ya nemi benci ya zauna, ya ce wuta ta jira.

Inuwa ta fara tsawo sannan hannunta ya tsaya. Ta ɗago wani ɗan gicciye da bai wuce tafin hannu ba, gefe guda ya karye. Ta ce, "Ga ta. Irin saƙata ce, ni na koya mishi yana ƙarami. Ku duba, baya-baya take tafiya. Na yi duka na gaji, hannun nan ya ƙi juyawa." Ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo, ta manna abin a ƙirjinta. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka shi ke nan, za ta ƙulle a bakin zane su tafi. Na fara zuba sauran cikin kasko.

Sai ta ce mini, "Dattijo, don mi kuke ƙona su?"

Ga Fada zaune, ga masu karatun digiri tsaye, amma ni ta tambaya, wataƙila don ta ga ni ne mai kama da mutanen ƙauyensu. Na ce, "Toka muke so, Inna. Gobe za a shafa wa kowa a goshi, a ce masa ya tuna daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma."

Ta ce, "Nawa bai koma ƙasa ba. Ruwa ya riƙe shi."

Wannan ne karo na farko da ta faɗi haka da bakinta. Yayar yaron ta toshe baki da mayafi. Fada ya yi addu'a a taƙaice, na ƙyasta ashana. Busasshiyar kaba ba ta gardama da wuta, nan da nan ta tashi har sai da muka ja baya.

Ta sake tambaya, idonta a kan wutar, "Duk yaran ga za a shafa wa?"

Na ce, "Duk. Har ni da ba yaro ba."

Ta miƙe da ƙyar, ɗiyarta ta riƙe ta. Ta matso har zafin yana taɓa fuskarta. Ta daɗe a tsaye, tana shafa saƙar nan da babban yatsa. Abokin ɗakin ya ce, "Inna, ki riƙe abinki, ba dole ba ne." Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, irin kiran da uwa ke yi in tuwo ya sauka, sannan ta saki kabar cikin wuta. Kukan da ta riƙe tun ranar kasuwar nan ya ɓalle. Na ji kuka iri-iri a bakin gulbi, amma ban taɓa jin irin wannan ba. 'Yan mata suka kewaye ta, maza suka juya baya suna share fuska.

A ɗakin matata suka kwana. Da safe na tankaɗe tokar da rariya, na kai wa Fada. Ɗakin ibada ya cika har waje, mawaƙa suka yi waƙa ba ganga, gangar tana jingine a kusurwa ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Ita ba ta shiga ba. Ta zauna a bakin ƙofa a kan tabarma, yara suna fitowa da baƙin gicciye a goshi, tana duban fuskar kowane ɗaya, daidai yadda aka ce tana yi a inda jirage ke tsayawa. Da na fito da nawa sai ta ce, "Har kai ka ɗauke shi?" Na ce, "Har ni, Inna. Ya samu goshi mai faɗi, ba gashi ba komai." Ta girgiza kai kamar za ta yi murmushi.

Da aka watse ta roƙi Fada ya ba ta ragowar tokar. Ya ce abin da aka sa wa albarka dama wuta ko ƙasa ne makomarsa, ya juye mata a wani tsabtataccen ƙyalle, ta ƙulle. Kafin su kama hanya matata ta kawo kunu da ƙosai. Ta karɓa da kanta, ta sha har ƙasan kwano. A bakin ƙofar makaranta ta juyo ta ce wa Fada, "Yanzu ku yi mishi addu'arku."

Bayan kwana kaɗan muka je ƙauyen da wasu ɗalibai. An haƙa ɗan rami a bayan ɗakinta an binne ƙullin nan, aka yi zaman makoki kamar yadda ake yi wa kowa. Ta rayu wasu shekaru bayan haka, ba ta ƙara komawa bakin jirgi ba. Ruwa kuwa har yau bai mayar da shi ba.

Na ci gaba da ƙona kaba har na ajiye tsintsiya, amma ban ƙara danna buhu da ƙafa ba, kuma ba'ar gawayin mai tsire ta fita daga bakina. Dangi sun yi wa matar nan magana, maƙwabta sun yi, an ce ta yi haƙuri har kalmar ta tsufa, duk bai shiga ba. Abin da na koya a jami'ata, ni Farfesan tsintsiya, shi ne kada ka ce wa mai baƙin ciki ya saki alhali hannunsa wayam yake. Ka nemo masa abin da zai riƙe, ka zauna kusa, ka rufe bakinka, wuta ta jira. In lokacinsa ya yi, da kansa zai buɗe hannun.