Kunnen Malam Gide

A wani ƙauye da ke yamma da Mairuwa, duk wanda ya shiga firamare cikin shekarun nan ya ratsa ta hannun Malam Gide. Shi ke koyar da Turanci a aji huɗu da biyar. Gajere ne, mai ƙaramar murya, kullum da farin alli a aljihun rigarsa har aljihun ya koɗe. Yana da gonar masara a bayan gari, da matarsa Saudatu, da 'ya'ya uku.

Hanyar koyarwarsa daban take. Ba ya bai wa yara kalma ita kaɗai. Cewa yake kalmomi ma gida-gida ne, kamar mutane. Sai ya rubuta rain, grain, train, pain a jere, ya ja layi ƙarƙashin haruffan da suka haɗa su.

"Wanga gida duk ƙarshensu ɗaya," in ji shi. "Na farko ruwan sama, na biyu hatsi. Ku kun san in babu na farkon, babu na biyun. Na uku jirgin ƙasa. Na huɗu ciwo, Allah Ya raba mu da shi."

Yara su amsa da amin, su rera kalmomin da ƙarfi har mata masu sussuka a maƙwabta su haddace.

Gidan da ya fi so shi ne mai wuyar: cough, rough, though, plough. Tari, kaushi, ko da yake, garma. Haruffansu na ƙarshe iri ɗaya, amma kowace da yadda ake furta ta. A nan ido ba ya wadatarwa, sai an saurara. Yakan bi layi-layi, ya durƙusa gaban kowane yaro, ya karkata kai ya ce, "Sake faɗi in ji." Ko kuskuren ya yi ƙanƙanta yaya, sai ya kama shi.

Wata damina, da hantsi, yana gona tare da ƙaninsa Mani suna zuba taki, sai ga 'yan bindiga a kan babura. Shanun huɗar Mani suka nufa. Mani ya riƙe igiya ya ƙi saki, suka harbe shi nan take. Malam Gide ya faɗa kan ɗan'uwansa yana salati. Ɗaya daga cikinsu ya doke shi da gindin bindiga a gefen kai, sannan ya saki harbi dab da ɗaya kunnen.

Ya farfaɗo a asibiti ya ga bakin Saudatu na motsi, amma bai ji komai ba sai wata ƙara kamar ta ƙudan zuma. An riga an binne Mani. Likita ya rubuta mashi a takarda cewa kunnen hagu ya tafi ke nan, na dama kuma sai abin da Allah Ya yi.

Kafin kaka, rabin ƙauyen ya watse. Malam Gide ya kwashi iyalinsa da marayun Mani zuwa Yankara, gidan yayan Saudatu, Alhaji Muttaka. Aka ba shi aji a wata firamare can. Ya karɓa da murna, ya sayi sabon alli.

Makonnin farko ya yi ta dabara. Yana rubutawa, yana furtawa, yana kallon leɓunan yara. Sai dai muryarsa ta canza bai sani ba, wani lokaci ya yi ihu, wani lokaci ta shige ciki. Ranar da ya zo kan gida mai wuyar nan, ya tsayar da wani yaro ya nuna mashi plough. Yaron ya buɗe baki ya faɗi wani abu.

"Madalla! Ku tafa mashi," in ji Malam Gide.

Ajin ya kece da dariya, har wasu na dukan benci. Sai 'yarsa Najiba, wadda ke cikin ajin, ta sunkuyar da kai tana hawaye. A hanyar gida ya tsare ta.

"Mi ya ce?"

Ya miƙa mata alli, ta durƙusa ta rubuta a jikin wani dutse: yaron ba Turanci ya yi ba, cewa ya yi "kurma". Kuma ba yau suka fara ba.

Bai daki yaron ba, bai kai ƙara ba. Washegari ya je wurin hedimasta ya ce ya ajiye aiki. Hedimasta ya roƙe shi da hannu da ido ya tsaya ko don rubutu.

"Malam, yaran mutane ne," in ji Malam Gide. "In sun yi kuskure ban ji, in sun yi daidai ban ji. Zaluntarsu zan yi."

Saudatu ta yi kuka sosai a ranar, fiye da yadda ta yi a asibiti.

Alhaji Muttaka yana da injin niƙa kusa da kasuwa, kuma yaran da yake ɗauka ba sa daɗewa saboda ƙararsa. Yanzu Malam Gide ne ke kula da shi. Ranar kasuwa za ka same shi tun safe, gari ya rufe mashi gira da gemu. Mata na miƙa mashi kwanon masara, su nuna da yatsa ko tsaki suke so ko laushi, ya gyaɗa kai ya zuba.