Ranar da Mahauci Ya Ci Kansila

Asabar ce, bayan la'asar, a harabar wata firamare da ke Gawon Nama. Akwai malaman zaɓe da wakilan manyan jam'iyyu, ni kuma ina wakiltar tamu, 'yar ƙaramar jam'iyyar talakawa wadda shagon wani tela ne ofishinta. Ɗan takararmu na kansila dattijon mahauci ne, kuma tun farkon kamfe ake yi mana dariya, wai mahauci da kujera ba su haɗa hanya ba.

Ana cikin ƙirga ƙuri'u, wakilin wata babbar jam'iyya ya dube shi ya ce, "Baba, in ka ci, wa za shi yanka muna sa?"

Ya ce, "Ni dai ne, ɗana. Da asuba yanka, da hantsi majalisa."

Da aka gama ƙirga, shi ya ci. Mahauta da masu kurar ruwa suka ɗauke shi a kafaɗa, kalangu na tashi, har unguwar Gidan Dare.

Jam'iyyar ba ta daɗe ba. Manyan jam'iyyu suka yi ta janye mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, daga bisani aka soke rajistarta. Shi kuwa ya kammala wa'adinsa, kuma tun daga nan ba a yi zaɓe a mazaɓarmu ba tare da ɗan mahauta ya fito takara ba.